Na Ajiye Finjalin Maigidana a Kan Tabarma

Inna Fusae,

Ki taimake ni da shawara, don na rasa wanda zan faɗa wa. Shekaruna goma sha takwas da wata takwas. A watan Maris na gama sakandaren koyon sana'a, ranar ɗaya ga Afrilu na fara aiki a wata maƙera a garin Kami, inda ake ƙera wuƙaƙe da lauje. Mu bakwai ne. Maigidanmu, Baba Okabayashi, yana da shekara saba'in da ɗaya, kuma ni ne ɗan koyo na farko da ya ɗauka cikin shekara tara.

Asabar ta biyu da zuwana aka yi mini liyafar maraba, da rana, a tsakar gidansa. Kin san al'adarmu ta nan lardin Kochi: mutum ya shanye finjalinsa, ya miƙa maka, ya zuba maka giyar shinkafa, ka shanye a gabansa, sannan ka mayar masa kai ma ka zuba. Ba a ajiye finjalin da aka miƙa maka. Tun ina ƙarami na san wannan. To, Baba ya taso daga mazauninsa, ya zagayo har ƙarshen tabarma inda nake, ya durƙusa da gwiwarsa mai ciwo, ya miƙo mini nasa. Sai daga baya na ji cewa shi ba ya tasowa wurin kowa, wurinsa ake zuwa.

Na karɓa da hannu biyu. Ya zuba. Sai na ajiye a kan tabarma, na ce masa doka ta hana wanda bai kai shekara ashirin ba shan giya, kuma ta tanadi tara ga babban da ke kula da shi idan ya gani bai hana ba. Har shekarar da aka yi dokar na faɗa, 1922. Duk abin da na faɗa daidai ne, na sake dubawa da na koma gida. Baba ya ɗauki finjalin ya shanye da kansa, ya ce, "Haka ne. Na tsufa." Ya dafa kafaɗar wani ya miƙe.

Yau kwana hamsin da uku. Bai yi mini faɗa ba. Bai kuma sake kama hannuna a kan guduma ba kamar yadda yake yi a makon farko. Ina fasa gawayi, ina shara. Kullum da safe nakan tarar da wuƙa ɗaya da ta lalace a wuta a kan teburina, ba ko kalma. Ina jera su a akwati. Nishimori, wanda ya riga ni zuwa da shekara goma sha ɗaya, ya raɗa mini suna Lauya. Yakan ce, "Lauya, buɗe mana kundi, an yarda a sha ruwa kafin sha biyu?" Kowa ya yi dariya, ni ma in yi, don na ga ana yi.

Doka ta ce ni babba ne tun ranar da na cika sha takwas. Zan iya jefa ƙuri'a. Ni kaɗai na sa hannu a takardar hayar ɗakina. Gobe in na so zan iya yin aure. Ana barina kusa da ƙarfen da ya yi jajir. Amma kurɓi ɗaya sai nan da wata goma sha shida. Ba giyar ce ta dame ni ba, ko ɗanɗanonta ban sani ba. Abin da na kasa ganewa shi ne a kira mutum babba, a tura shi aiki cikin manya, sannan a bar shi shi kaɗai tsakanin doka da dattijo a durƙushe. Wannan adalci ne?

Ba na jin haushi, ba na jin kunya. Ina cin abinci, ina barcin awa bakwai, amma kamar wani nake kallo yana yi. Tun ina ɗan shekara goma sha biyu nake son wannan sana'a. Yanzu takardar barin aiki tana aljihuna, kwanan wata kawai ban sa ba. In miƙa?

Sabon Maƙeri, daga Kami

Ɗana Sabon Maƙeri,

Kada ka miƙa. Cire ta daga aljihu tun yau.

Ka yi daidai da ba ka sha ba. Ƙorafinka a kan doka ma yana kan hanya: ta buɗe muku ƙofofi da yawa lokaci guda ta bar ɗaya a rufe, kuma ku ne kuke shan kunyar a gaban manya. Sai dai doka ba ta iya auna hankalin kowa ɗaya bayan ɗaya, dole ta tsaya a wata shekara. Kuma sa'o'inka take karewa, waɗanda ba su da bakin cewa a'a idan babba ya cika musu finjali sau biyar. Duk farkon shekarar aiki akwai waɗanda ake ɗauka daga irin wannan liyafa zuwa asibiti. Ni dai ba zan so a rage shekarun ba.

Baba ma ya yi kuskure, don ya san shekarunka. Amma ba giya ya taso ya kawo maka ba. Karɓarka cikinsu ya zo yi, a gaban kowa, da hanyar da aka karɓe shi yana saurayi. Kai kuma ka mayar masa da karatun doka. Da ka riƙe finjalin a hannu, ka sunkuya ka ce, "Baba, shekaruna ba su kai ba, amma na gode," da an wuce wurin. Magana zarar bunu ce. Wanda ya ce "na tsufa" ba fushi yake yi ba, kunya yake ji, kuma dattijo mai jin kunya ba ya fara magana.

Waɗannan wuƙaƙen ba zagi ba ne. Maƙerin da ya fid da rai da kai ba zai zaɓar maka wuƙa kullum ba. Darasi ne kake jerawa a akwati. Ɗauko ɗaya, ka duba inda ta tsage, ka je ka tambaye shi me ya sa.

Kafin nan, ka same shi shi kaɗai da safe tun ba a hura wuta ba. Tafi da finjali da shayi. A al'adar nan ƙarami ne ke fara kai finjali, kai kuma har yau ba ka kai ba. Ka durƙusa ka ce, "Baba, na yi rashin ladabi ranar nan." Ka tsaya nan. Ba shekara, ba sashen doka, ba "amma". Ba ƙin shan kake neman gafararsa ba, ajiyewar ce. Idan bai karɓa ranar ba, koma kan gawayinka, ka sake bayan mako guda.

Nishimori kuwa, bar shi. Ba a raɗa wa baƙo suna, sai ɗan gida.

Wannan rashin jin komai da ka ambata ya fi damuna. Ka faɗa wa mahaifiyarka ko wani aboki, da baki, ba a takarda ba. Idan wata guda ya wuce bai sake ka ba, ka ga likita.

Kai mutum ne mai son komai ya zama daidai, kuma wuƙa tana son irinka. Saura ka koyi lokacin da ake sauke guduma. Ina yi maka fatan alheri, da hannu mai albarka.

Inna Fusae