Dogayen Tayoyin Motar Baba

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da kowa na gidan. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi, ya bar mana ke. Mu ma nan lafiya lau muke. Mama dai jikin ya yi nauyi, kin gane, ƙafafunta suna kumbura har silifas ɗinta sun daina shiga. Auta kuwa an gaya mata ta kusa rasa sunanta, ta ce ba ta yarda ba, mai zuwan ya nemi nasa. Baba yana nan, ya ɗan rame.

Gwaggo, akwai abin da ban gaya wa kowa ba, kuma a baki ba zan iya faɗa ba ko a waya, shi ya sa na rubuta. Tun ranar da Baba ya kawo sababbin tayoyin motarsa nake addu'a a ɓoye Allah ya sa kada su zauna a motar. Na san ba fatan da 'ya za ta yi wa mahaifinta ba ne. Ki bari in gaya miki dalili kafin ki yi mini faɗa.

Kin san a-kori-kurar Baba ita ce abincinmu. Mutanen da yake yi wa jigilar kaya sun sayi tasu motar, aiki ya tsaya, yanzu yini yake a ƙofar gida yana goge gilashin da ba ƙura a jikinsa. Sai ya ce za mu koma gonar Kaka, ya yi noma, ya riƙa fito da kayan gonar mutane zuwa kasuwa. Abin da ya tsayar da shi hanya ce. Da damina taɓo ne zalla, bara ma motar ta kafe har sai da tarakta ta jawo ta. Ya ce in dai motar ba za ta shiga ta fita ba, ba zai kai iyalinsa can ba. Ni kuwa na saki jiki, don can babu sakandare, ko kusa. Kuma Gwaggo, na fara jin daɗin aji ɗaya. Kwanaki malamar kimiyya ta sa na tashi na yi karatu a gaban aji, muryata ta fita har na baya suka ji. Ban taɓa yin haka ba.

Sai ga tayoyin. Dogaye ne sirara, in an tsayar da ɗaya tana kai wa Auta kafaɗa, jikinsu duk manyan haƙora. Ina wanke-wanke na ji Baba yana yi wa mai shagon kusa da mu bayani. Ya ce taya mai faɗi a kan taɓo take yawo tana sulɓi, siririya kuwa yanka taɓon take ta kama ƙasa mai tauri da ke ƙarƙashi, tsawon kuma zai ɗaga cikin motar kada ya riƙa dukan tudun da ke tsakiyar hanya. Mai shago ya ce shi dai bai taɓa ganin an sa wa jaki ƙafar raƙumi ba. Baba bai yi dariya ba.

Ranar da za a ɗaura, Mama ta aike ni da abinci wurin mai faci. Na tarar an ɗaga motar da jak, notuna zube a cikin wani tsohon kwano, Baba a tsugune hannunsa duk baƙin mai. Na raɓe jikin bango ina kallo. Tayoyin sun shiga, an ɗaure, an sauke motar. Amma da Baba ya murɗa sitiyari zuwa ƙarshe sai muka ji ƙara, tayar gaba tana gugar ƙarfen da ke samanta. Mai faci ya ce ai ya faɗa tun farko, motar ba a yi ta don wannan tsawon ba, a mayar da tsofaffin kawai a huta. Gwaggo, sai da na sunkuyar da kai don kada a ga fuskata. Na ce a raina an karɓi addu'ata.

Sai Baba ya ce a kira mai walda. Kin san shi da motar nan, ko jingina da ita mutum ya yi sai ya ji magana. Amma ranar yana tsaye aka kunna injin yanka, aka yanke gefen ƙarfen, wuta tana tartsatsi, aka bubbuge sauran da guduma har fentin ya ɓare. Da aka koma ɗaya gefen sai ya juya baya yana kallon titi. Abincin ma bai taɓa ba. A nan na gane ba zai fasa ba, kuma na ji kunyar murnar da na yi. Daga baya ma matsaloli ba su ƙare ba. Tayar ko-ta-kwana ta ƙi shiga wurinta na ƙarƙashi, ya ɗaure ta da sarƙa a bayan motar. Da muka zo gida motar ta yi tsawo, kanta ya taɓa ƙarfen saman ƙofar gida, ya ɗauko sifana ya kwance ƙarfen. Duk abin da na sa rai zai tsayar da shi, sai ya cire shi daga hanya.

Da aka yi ruwa mai ƙarfi ya ce ni da Auta mu raka shi gwaji. Mun isa wurin da ta kafe bara, taɓo jajir ko'ina, na riƙe kujera ina jira. Motar ta yi gurnani, ta karkata, ta watsa laka har kan gilashi, ta wuce. Baba ya daki sitiyari yana dariya har da hawaye, yana ce wa Auta ta ga aikin raƙumin mai shago. Na daɗe ban ji dariyarsa ba, sai ni ma na yi, amma tawa ba ta kai ciki ba. Na ga gidan gonar. Ɗaki biyu ne, ɗaya ba ƙyaure. Rijiyar tana da zurfi, igiyarta tana yanka hannu. Na duba gabas da yamma ban hango rufin kowa ba.

Mama ta lura da ni ko da ban ce komai ba. Ta je ta roƙi maƙwabciyarmu mai ɗinki ta riƙe ni in ci gaba da zuwa makaranta, in riƙa taya ta aiki. Matar ta amsa da murna, har ta nuna mini inda za a shimfiɗa mini katifa kusa da kekenta. Baba ma ya ce ba laifi. Kwanakin nan har waƙa nake yi in ina shara.

Sai ranar zuwa asibiti ta zo. Shi ne karon farko da Mama za ta shiga motar tun da aka canza tayoyin. Ta ɗaga ƙafa, ƙafar ba ta kai ba. Ta sake, ta kasa. Ta yi dariya ta ce wa Baba da ya sani ya haɗo da tsani. Na kife bokiti ta taka, Baba yana jan hannunta daga ciki, ni ina tallafe ta daga baya, sai da ta jiƙe da gumi kafin ta zauna. Saukowar ta fi wuya. Ta dafa kafaɗata da dukkan nauyinta, ta tsaya tana mayar da numfashi, fuskarta ta canza. Ta ce mini a hankali, "Kada ki gaya wa babanki, jiri ne kawai."

Tun daga nan na kasa daina tunani. A gonar, Baba zai fita da kaya tun safe, wani lokacin ya kwana a hanya. Mama ce za ta ja ruwa daga rijiyar nan, ga Auta, ga wanda ke tafe. In jirin ya kama ta a bakin rijiya, babu wanda zai ji. Na juya maganar ta kowane gefe, ban ga yadda za a yi ba. Mai ɗinki za ta iya riƙe ni, amma babu mai riƙe Mama.

Ki gaishe mini da Baffa, Allah ya ƙara masa lafiya. Ina gaida Yaya Babba da amaryarsa, da Yaya Ƙarami, da 'yan biyu, ki ce su daina cinye miki sukari. Mama da Baba ba su san na rubuta ba, amma na san da sun sani da sun ce a gaishe ki.

Jiya na ce wa Mama na fasa zama gidan mai ɗinki. Na ce kunya nake ji, ba zan iya cin abinci a gidan mutane ba, ba zan iya barci ba. Kowa ya san halina, don haka Baba ya yarda nan take, har ya ce wannan kunyar tawa sai addu'a. Mama ce kawai ta daɗe tana kallona. Gwaggo, na san in kika kira Baba kika yi masa magana zai bar ni dole, don ba ya ƙetare maganarki. Don Allah kada ki kira shi a kan wannan. Ni na zaɓa. Yau na mayar wa makaranta littattafansu, na ajiye a teburin malamar lokacin da ba ta nan, don in ta tambaye ni kuka zan yi. Gobe za mu fara ɗaure kwanuka.

Ki sa mu a addu'a.

'Yarki,
Shiru-shiru