Dami Uku Na Iri

Gwandu, lokacin bazara, 1954

Zuwa ga Yaya Siddiƙu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya. Malamin unguwarmu na roƙa ya rubuta mini.

Yaya, tun da tsuntsaye suka cinye geronmu na Kambaza, muke lallaɓa abin da ya ragu. Yanzu dami uku kaɗai ke rumbu, su ne irin shuka da marigayi maigidana ya bari. Yara sun kwana biyar kan tafasa. Jiya na sauko da dami ɗaya zan sussuka, na kasa, na mayar. Ka ba ni shawara. Kada matarka Kubura ta ji. Ban manta ba ranar da na ce tuwonta na shinkafa ba abinci ba ne, gaban baƙi.

Ƙanwarka, Tasalla

Kalgo

Tasalla,

Bayan gaisuwa, kar ki taɓa irin nan. Ga taiki biyu na shinkafa hannun Bawa mai jakai.

Amma ki sani ba tawa ba ce. Tawa ruwa ya ci a fadama. Ina karanta takardarki Kubura na bayan zana, ta ji komai. Sai ta buɗe ɗakinta ta fito da wadda ta tara a sana'arta ta gumin shinkafa. Ta ce in ce daga gare ni take. Ni kuwa ba zan ci yabon da ba nawa ba.

Wassalam, Siddiƙu

Gwandu, bayan kaka

Yaya Kubura,

Ina gaishe ki da kunya. Wata biyar ina neman bakin da zan yi miki magana. Shinkafarki ta kai mu har gero ya nuna. Dami ukun nan mun shuka su duka, Allah ya ba mu arba'in da biyu. Kowace safiya na ga yarana sun tashi da ƙarfinsu, sai na yi miki addu'a. Ga dami goma, na farkon yanka. Ki yafe mini.

Tasalla

Kalgo

Tasalla,

Gero ya iso, madalla. Zancen yafiya kuwa ya wuce tun tuni. Na sauka ran Talata, mace. Yayanki ya bar mini zaɓin suna, na kuwa zaɓa. Ba zan faɗa a takarda ba. Ki zo ki ji da kunnenki, ba baƙon suna ba ne gare ki.

Taki, Kubura