Wasiƙar Legas da Na Ɓoye a Cikin Takalmi

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin kowa ya zage ni ya daure ya kai ƙarshe, don zagin da nake yi wa kaina ya fi wanda za ku yi mini.

Ni tela ne a Suleja, yau Alhaji ake ce mini, a sahun gaba nake salla. Amma tun garin nan ana kiransa Abuja, ina saurayi, mu huɗu muka kafa ƙungiyar kiɗan rok irin na Turawan nan masu ƙyalƙyali, muka sa mata suna Walƙiya. Ni nake ɗinka mana kaya da yadi mai ɗaukar ido, wando ya matse cinya ya buɗe a ƙasa, ga takalma masu tudun da in ka faɗo sai an nemo mai ɗori. Ni ne kuma mawaƙin. Nakan shafe fuskata da farar hoda da kwalli da jan baki, in ɗora gashin doki, har maƙwabcinmu ya taɓa yi mini liƙi bai gane ni ba. Haka nake so, don mahaifina malami ne, da ya ji da ya tsine mini. Mai jitarmu, wanda ke tsara waƙoƙin, zan kira shi Bulus. Ɗan unguwar Kwamba ne a nan garin, kuma wallahi in ya taɓa jita sai tsikar jikinka ta tashi.

Muka ɗauki waƙa shida a kaset muka aika wa wani kamfanin faifai a Legas, da adireshin akwatin gidan waya na maigidana mai shagon da nake ɗinki. Amsa ta faɗo hannuna. Sun ce mu zo za su buga faifai, da hotonmu da cikakken sunan kowa a bango. Sunan mahaifina a ƙarƙashin fuska mai jan baki, a rataye a kasuwa? Na cusa wasiƙar cikin takalmin wasana. Da Bulus ya zo shago yana tambaya, na ce, "Sun rubuto, wai waƙoƙin ba su yi ba, mu je mu ƙara koyo." Ya ce, "Ina takardar?" Na ce, "Haushi ya sa na yaga." Ya daɗe yana kallon keken ɗinkina, sannan ya ce, "To ai ni na tsara su, laifin nawa ne." Me ya hana in ce tsoro nake ji, su nemi wani mawaƙin? Ƙyashi ne, in faɗa muku gaskiya, ban so su tafi su bar ni ba. Ba a yi wata uku ba ya sayar da jitar ya kama gyaran rediyo.

Shekara kusan ashirin ke nan muna tare, ni nake ɗinka kayan Kirsimetin 'ya'yansa, naman layyata yana isa gidansa, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ni ne mai jan bakin nan ba. Yanzu shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. 'Yarsa Rifkatu, mai karatu a jami'a, ta ɗauri aniyar rubuta tarihin Walƙiya ko zai ji sanyi. Ta zo shagona da littafi da rikoda, ta ce, "Baba Alhaji, Dadi ya ce kai ka ɗinka masu kayan wasa. Amma wane ne singa ɗin, mai rera waƙar? Ya ƙi faɗa sam, wai amana ce." Na ce mata baƙo ne, ya daɗe da barin gari. Ina maganar allura ta shige mini yatsa ban ko ji ba.

Ranar Lahadi na je duba shi. Ya riƙe ni da hannun da ke motsi, magana na fita da ƙyar, ya ce, "Tela, ka hana yarinyar nan wahala. Me za ta rubuta? Mutanen Legas sun san aikinsu, ba mu iya ba ne kawai." Na ce, "Haba, kai kam ka iya." Ya yi murmushi da gefen baki ɗaya, ya ce, "Kai dai ka iya lallashi."

Jama'a, wasiƙar tana nan cikin takalmin, a ƙasan akwati. Akwai layin da suka ce sun daɗe ba su ji mai jita irinsa ba. In na kai masa zai san ya iya, amma zai san wanda ya datse masa hanya, Rifkatu kuma ta rubuta, matata da surukaina da mutanen masallaci su ji. In na yi shiru zai tafi yana ganin shi ba komai ba ne. Sau biyu ina sa ta a aljihu in hau acaɓa, da mun doshi Kwamba sai in ce a juya. Likita ya ce bakinsa na iya ɗaukewa kowane lokaci, ni kuwa ko zagi ne ina so in ji shi daga bakinsa. Me zan yi?