Gutsuren da Mama Ta Rage

Kamachumu, 3 ga Mayu

Kokubanza,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata maigidanki da yara suna lafiya.

Addu'ar arba'in ɗin Mama ta ƙarato, kuma ba na so ki zo. Shekara goma sha tara ina katikis a cocinmu na Katolika, ina kai wa marasa lafiya Jikin Almasihu, ko ɓurɓushi ban taɓa bari ya taɓa ƙasa ba. Ranar da na kawo wa Mama na ƙarshe, rabi kawai ta iya haɗiyewa. Na ajiye sauran a kan farin ƙyalle, na fita ɗebo mata ruwa, na dawo babu shi. Na tambaye ki, kika ce kin watsa wa kaji.

Na san tun da kika auri Furotesta, gurasa ce kawai a wurinki, abin tunawa. A wurina Ubangiji ne da kansa. Kajin Mama bakwai na yanka, na binne su a gonar ayaba, ina kuka kamar yaro.

Allah ya gafarta miki.

Yayanki,
Rweyemamu

Mwanza, 11 ga Mayu

Yaya,

Na gaishe ka, ko ba za ka amsa ba. Ya ƙafarka?

Kaji bakwai, Yaya? Har da jar nan mai kwanci? Allah sarki, ba su ci komai ba. Ƙarya na yi maka.

Kana fita Mama ta ɗauki gutsuren, ta ce, "Koku, buɗe baki." Na ce, "Mama, kin san ba a ba mu." Ta ce, "Shekara goma sha biyu, duk zuwanki gida, ina tashi in karɓa a coci, ke kina zaune a benci kamar baƙuwa. Ni na shayar da ke, yau ma ni zan ba ki. Buɗe, kafin sarkin dokar nan ya dawo." Na buɗe.

Na ɓoye maka ne don kada ka ce ta mutu da zunubi. Na gwammace ka tsane ni da ka zarge ta. Amma a raba ni da kabarin uwata, wannan ya fi ƙarfina.

Har yau ban sani ba ko Jiki na ci ko gurasa. Na dai san shi ne abu na ƙarshe da ta sa mini a baki, kuma kullum na tuna sai na yi kuka.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Koku

Kamachumu, 19 ga Mayu

Koku,

Na amsa gaisuwa. Ƙafa da sauƙi.

Ban gaya wa Fada, limamin cocinmu, ba, ban kuma san ko zan gaya masa ba. Ki zo. Na share miki ɗakin Mama.

Ranar addu'ar ni zan taya Fada raba Jikin Almasihu. Don Allah kada ki shiga layi. Idan kika tsaya a gabana ba zan iya ba ki ba, ba kuma zan iya hana ki ba.

Sai kin iso.

Yayanki,
Rweyemamu