Bashiru Ya Kira Amarya Jaki

Daren Asabar, sha biyu ga Rajab, Gummi.

Yau Allah ya rama min. Taubashina Bashiru, wai marubucin waƙoƙin fim, shekara uku kacal a Kano har ya mance da "na" da "ta", sai "ne" da "ce".

Da sallar bara yac ce in tambayo mai yadda Filani ka cewa "masoyiyata", tunda ni ɗan allo ba ni da abin yi. To. Nic ce "mbabba am". Ya rubuta yana kaɗa kai, wai kalmar akwai zaƙi. Ma'anarta "jakina".

Yau anka ɗauke shi waƙar biki a Bukkuyum, amarya kuwa Bafillata. Ya hau dandamali da baƙin tabarau, ya nuna ta, ya ja "mbabba aaam" har sau huɗu. Matan ruga sunka tuntsire da dariya. Kakar amarya ta miƙe tac ce, "Kai yaro, ɗiyar wa kaka kira jaki?" Anka kashe janareta. Wani mai fim da za shi sayi waƙar ya shige mota.

Bashiru ya kai ƙarata ga Inna yana huci. Tac ce mai, "Nonon Filani ka sha kag girma, kalma guda ba ka riƙe ba?"

Ya rantse ya bar gaisuwa da ni har abada. Bayan isha'i sai ga shi ya leƙo, murya ƙasa-ƙasa, wai yaya ake ba da haƙuri da Fulatanci. Nic ce ya dawo da safe, zan yi tunani.