Na Ɗauki Rigar Sanyinka

Baba,

Motar da za ta kai ni filin jirgi ta zo da wuri, direban ya ce hanya a cushe take, ba zai iya jira ba. Na kira wayarka, sai na ji tana ƙara a ɗakinka, ka sake mantawa da ita. Na san ba ka da halin baro aiki kafin mai karɓarka ya zo, don haka kada ka sa abin a ranka.

Ni kaɗai na rufe akwatin. Sai da na zauna a kansa kafin zif ɗin ya ja. Abin ya ba ni dariya, na waiga in nuna maka, sai na ga babu kowa. Na zagaya gidan ina neman wanda zan yi wa sallama. Ƙarshe maƙwabciyarmu na ɗaga wa hannu ta taga, ita kuma tana can tana shanya, ba ta ma gan ni ba.

Ka yi haƙuri, na ɗauki tsohuwar rigar sanyinka. An ce sanyin can ba wasa ba ne, amma gaskiya ba don sanyin kaɗai na ɗauka ba.

In na sauka zan kira.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka koma cin abinci a tsaye a kicin, kamar yadda ka riƙa yi bayan rasuwar Mama. Ka zauna a tebur ko da kujerata babu kowa. Ni ma can haka zan yi, ni da farantina, har in saba.

Autarka