Almakashin Baba Ya Ci Takarda

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa mai kewar yayarta. Yaya karatu, yaya gajiyar asibiti? Ina fata ciwon ƙafar da yawan tsayuwa ya jawo miki ya yi sauƙi. Mama ta ce in tambaye ki ko kina cin abinci a kan lokaci, kuma kada in yarda da amsar farko.

Kin ce a waya ba na cewa komai sai "lafiya lau", don haka in riƙa rubuto miki gaskiyar jikin Baba. To ga ta. Bayan shanyewar ɓarin jikin nan, yanzu bakinsa ya daidaita, yana takawa da kansa har ƙofar gida. Hannun dama ne ya ƙi. Yana damƙe abu, amma hannun yana rawa. Likita ya ce in bai riƙa motsa shi a 'yan watannin nan ba, yatsun za su sandare. Ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Baba ya ce shi tela ne, ba jariri ba. Yanzu kyanwa ce kawai take amfana da ƙwallon.

Ya gwada yanka yadi, layin ya karkace. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya naɗe almakashinsa a ƙyalle ya ce a ɗora a saman kabad. Kin san wanda nake nufi, babban nan mai baƙin mariƙi, wanda kika sha ranƙwashi a kansa ranar da kika yanke hoton jarida da shi. Dokar gidanmu ke nan tun muna yara: almakashin yadi ba ya taɓa takarda, don takarda tana kashe masa kaifi. Jiya na ji Baba ya ce wa Kawu ya nemo telan da zai karɓi almakashin da keken ɗinkin gaba ɗaya. Mama ta tashi ta shiga kicin ta buɗe famfo, alhali babu abin wankewa.

Bari in ba ki labarin makaranta, kada wasiƙar ta zama ta kuka zalla. An kawo mana sabuwar malamar zane. Ta zo da wani ƙaton littafi na ayyukan wani mai zane na zamani, wanda sunansa ya fi ƙarfin harshena. Yaya, babu fensir a aikin! Ana shafa wa takarda fenti mai haske, shuɗi ko kore ko ruwan lemo. In ta bushe sai a shiga cikinta da almakashi kai tsaye, ba a zana komai ba. Ganyaye, tsuntsaye, mutane masu rawa, duk a yanke. Sai a kafe su da fil, a yi ta matsar da su har ido ya gamsu, sannan a sa gam. Malama ta ce mutumin ya rungumi wannan aikin ne bayan tsufa da ciwo sun hana shi tsayuwa gaban allon zane.

Za mu cika bangon barandar ɗakin karatu, kowace ɗaliba da kwalinta. Da Malama ta tambayi wadda za ta ɗauki babban kwalin tsakiya, ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Ƙawata Rediyo, wadda bakinta ba ya hutawa, ta ce ashe kurma ma tana da hannu. Aji ya kwashe da dariya, ni kuwa kunya kamar in nutse. Amma ban sauke hannun ba, don Baba ne a raina.

Allah ya ba ki sa'ar jarrabawa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da abokan ɗakinki. Wasiƙarki ta iso, Mama ta sa na yi ta karanta mata wurin da kika yi maganar abinci har na haddace.

Kin ce in ba Baba labarin mai zanen nan. Na ba shi, idona a ƙasa. Ya ce Allah ya ba mutumin lafiya in yana raye, amma yankan takarda wasan yara ne. Ya ƙara muryar rediyonsa.

Sai na sake dabara. Kin san Baba yana iya jure komai, ban da ya ga ana yanka ba daidai ba. Ko Mama ce take yanke zare sai ya sa baki. Ni kuma a aji hannuna ya faɗa. Malama ta koya mana a buɗe bakin almakashi sosai, a bar shi ya tafi da tsayi, ɗaya hannun kuma ya riƙa juya takardar. Har ta ɗaga ganyen da na yanka ta nuna wa aji. Amma in na dawo gida sai in shimfiɗa tabarma daidai gaban kujerar Baba, in baza takarduna masu fenti, in ɗauko ɗan almakashin makaranta mai dunƙulallen baki, in riƙa tsinke-tsinke da tsininsa kamar ban taɓa riƙe shi ba.

Da farko tsaki kawai yake yi. Daga baya ya fara motsi a kujera kamar akwai cinnaka. Shekaranjiya ya kasa daurewa, ya ce, "Ke Auta, yanka kike yi ko ɓera ne yake cin takardar?" Ya shiga koya mini da baki. Ni kuma in bi rabi in bar rabi. Mama tana ninke kaya a gefe, na ga kafaɗunta suna rawa, ta gane.

Can ya ce, "Kawo nan!" Na miƙa masa. Yatsunsa ba su shiga mariƙin da kyau ba, ƙanƙane ne. Ya dai matsa, hannun ya yi ta rawa, shuɗiyar takardar ta fito da gefe mai lanƙwasa-lanƙwasa. Ya jefar da ita da almakashin, ya shige ɗaki. Ranar bai ci abincin rana tare da mu ba.

Na tsorata, Yaya, har na yi kuka a bayan gida. Amma da na share hawaye sai na tuna abu guda: tun da ya naɗe almakashinsa, wannan ne karon farko da ya ce a ba shi wani abu a hannun dama. Na tsince takardar da ya jefar na sa a cikin littafin lissafina. Ban karaya ba. Ke dai ki taya ni da addu'a.

Taki,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kin warke daga murar da kika ce tana damunki. Nan kowa lafiya, sai dai Baba ya rage magana da ni.

Na kai takardarsa makaranta, na kafe ta da fil a tsakiyar kwalina, cikin ganyayen da na yanka. Malama tana zagayawa ta tsaya. Ta ce nawa suna da tsabta, amma duk sun yi kama da juna kamar 'yan makaranta a layi, wannan kuwa kamar iska tana kaɗa shi. Ta ce irin gefen da take ta nema a wurinmu ke nan. Na gaya mata gaskiyar wanda ya yanka. Sai ta ba ni izinin in kai kwalin gida kafin a sa gam. Rediyo ce ta kama mini, tana ba duk wanda muka gamu da shi a hanya bayani ba tare da ya tambaya ba.

Na jingina shi a bangon falo, inda Baba ba zai iya ɗaga kai bai gan shi ba. Nan take ya gane nasa. Ya haɗe rai ya ce in cire, ba zai yarda a rataye kunyarsa a makarantar mutane ba.

Yaya, kin san ban taɓa mayar wa Baba magana ba. Amma ranar na ce masa fil ne kawai, ba a sa gam ba tukuna, in bai yi masa ba ya yanko wanda ya fi shi in cire wannan. Na ce kuma laifin ɗan almakashin ne da bai kai hannunsa ba. Ya dube ni har na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai ya juya wajen Mama ya ce, "Yau Auta ce da baki?" Mama ta ce ai a gidan nan ta gaje shi.

Bai ce in cire ba kuma, bai ce in bari ba. Kwalin yana nan a falo. Sai dai ɗazu Kawu ya leƙo ya ce ya samu telan, ranar Asabar za su zo ɗaukar kaya. Mama ta ce in daina sa rai don kada in sha wuya. Ni dai na ga yadda Baba yake satar kallon kwalin in ya ɗauka ba na wurin, yana motsa yatsunsa a kan cinya. Na shafa wa sababbin takardu fenti, manya, na shanya su a igiya.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida karatu. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Ranar Asabar da safe Baba ya ce in taka kujera in sauko da ƙullin nan daga saman kabad. Na ɗauka shirin miƙa shi ake yi. Ya warware ƙyallen, ya ɗiga wa almakashin man keke, ya ce in share teburin cin abinci. Sannan ya ce in kawo shuɗiyar takardar da ke kan igiya.

Mama ta fito daga kicin da kumfa a hannu ta ce, "Malam, takarda ce fa!" Ya ce hannunsa ne yake ciwo, ba idonsa ba.

Ya kwantar da bakin almakashin na ƙasa a kan tebur, yadda yake yi wa yadi, teburin ya ɗauke masa nauyi da rabin rawar hannun. Ya ce ni in riƙa juya takardar, kuma in yi da gaske, don ya daɗe da gane ƙaryata, 'yar tela ba ta yanka irin na ɓera. Sai ƙarar nan ta tashi, ƙurus, ƙurus, wadda muka girma muna ji daga shago. Mama ta juya baya. Gumi ya jiƙa masa riga, yana tsayawa yana hutawa, amma bai ajiye ba sai da wani ƙaton tsuntsu ya fito, fiffikensa duk lanƙwasa. Ya ce wuyan bai yi ba, a kawo kore.

Lokacin da Kawu ya yi sallama da telan, falo ya cika da guntayen takarda. Telan ya ga abin da ke bakin almakashin, ya dafe kai. Baba ya ce masa ya yi haƙuri, almakashin ya ci takarda, ba zai cuci ɗan'uwansa tela da shi ba. Kawu ya ce, "Haba Yaya, ai ana wasa shi ya dawo garau." Baba ya ce gaskiya ne, to ya kai wa mai washi in mun gama aikin Auta, ya kuma dawo masa da shi nan. Da aka tambayi keke, ya ce keke ba ya rabuwa da almakashinsa. Telan ya sha ruwa, ya daɗe yana kallon kwalin, har ya ba da shawarar a matsar da tsuntsun hagu. Baba ya ƙi.

Kin ce in riƙa faɗa miki gaskiya, to hannun bai daina rawa ba. Amma kullum bayan la'asar yana yanka, guntayen da suka rage ma ya hana a share, wai yanke-yanke ba ya zama shara a shagon tela. Likita ya duba yatsun ya ce a ci gaba da duk abin da ake yi. Mun sa gam a makaranta, tsuntsun yana tsakiya, yankan Baba na farko yana ƙarƙashinsa. Baba bai sake cewa a cire ba. Malama ta ce ni zan yi wa iyaye bayanin bangon, na kuma amsa da bakina. Rediyo ta ce tashar ta samu kishiya a aji.

Saƙo biyu daga Baba. Na farko, ranƙwashin da kika sha yana nan daram, ba zai janye ba, kuma da an dawo da almakashin daga washi doka ta dawo. Mama ta tono mana wani tsohon almakashi a akwati don takarda. Na biyu, ki aiko da awonki, kafaɗa da tsayi da hannu. Mama ta riga ta fito da farin yadi. Ya ce rigar asibitinki ce za ta zama yankansa na farko. In ta iso kika ga gefen ya ɗan karkace, Yaya, ki saka ta haka.

Ƙanwarki mai baki yanzu,
Auta